Bokiti Ɗaya a Rana

Kafanchan,
26 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga ƙanwata Irene,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin isa Legas lafiya, kin koma asibitinku ba tare da gajiyar jirgin ƙasa ta kwantar da ke ba. Mu nan muna lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, idon ne dai yana nan yadda kika bar shi, ya ce kamar ta cikin hayaƙi yake ganin mutane. Ruwa ya sauka sau biyu, na dasa gauta a bayan kicin. Mun koma makaranta, an ƙara mini yara tara a aji uku, benci kuwa ba a ƙara ko ɗaya ba.

To, sai labarin 'ya'yanki. Tun ranar Talatar da kika hau jirgi gidanmu ya zama gidan kallo. Tankin gilashin da kika ɗauko daga Legas, da jajayen kifi shidan da kika je har Jos kika kawo a bokiti, sun ƙwace wa rediyo matsayinsa. Baba ya sa an shigar da kujerarsa falo, dab da gilashin. Kin san tsohon ma'aikacin reluwe, sunayen tasha ya raɗa musu: Zonkwa, Kagoro, Manchok, Jagindi, Gudi da Bukuru. Kowace safiya bayan addu'a sai ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in tsaya ina cewa "yana nan", kamar ba ni da rajistar da zan kira a makaranta.

Dattawan ikilisiya sun zo. Zumuntar Mata sun zo ran Alhamis, su goma sha huɗu, da ankonsu. Duk wanda ya shigo sai Baba ya miƙa masa gwangwanin abincin kifi, wai ba kyau baƙo ya tafi bai ba su wani abu ba. Mama Edna, ɗaya daga cikin matan, komawa gida ma ta yi ta dawo da garin ƙuli-ƙuli ƙulle a bakin zane, ta ce ita dai ta ga kifin sun rame. Sannan sai ki ji Baba ya gyara murya:

"Irene ne ya kawo. Nas ne a Legas. Yarinyan nan bai manta da ni ba."

Ya faɗi wannan ya fi sau talatin, ran Juma'a na daina ƙirgawa. Ni da na daka acca na tuƙa tuwon da baƙin suka ci, sunana bai fito ba sai da ruwan sha ya ƙare a randa. Ba ƙorafi nake yi ba, labari nake ba ki.

Abin da ba ki gaya mana ba shi ne 'ya'yan naki ƙazamai ne. Ran Laraba ruwan garau yake. Kafin Juma'a ya koma fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ga wani ƙarni yana tashi. Kin san ni, ba a shiga Lahadi da dauɗa a gidan da nake. Ran Asabar na kwashe kifin na zuba a daro, na juye ruwan, na wanke tsakuwar da omo na ɗauraye sau uku. Audugar da ke cikin ɗan akwatin nan mai hura iska na tafasa ta, gilashin kuma na dirje shi da soso har sai da ya yi ƙara. Awa uku cur. Na cika shi da sabon ruwan rijiya na mayar da su.

Da Baba ya matso da fuska ya ga haske, sai ya ce, "Kin gani? Kayan Legas ke nan. Ko ya yi datti sai ya koma sabo."

Na ce, "Haka ne, Baba, shi ya wanke kansa."

Bai ma ji ni ba, yana can yana neman Jagindi.

Ki gaishe da abokan zamanki. Wasiƙar Baba tana hanya, tare da wannan zan kai ta gidan waya. Ubangiji ya tsare ki.

Yayarki,
Afiniki

Legas,
5 ga Mayu, 1976

Yaya Afiniki,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Na isa lafiya, ina nan ƙalau sai 'yar mura. Na gode wa Allah saboda ƙafar Baba. A tsaye nake rubuta wannan, lokacin shan shayi, don ta bi jakar gidan waya ta yau.

Yaya, don Allah ki daina wanke tankin nan. Ki cire hannunki daga tsakuwar da audugar gaba ɗaya. Tsabtarki ce za ta kashe su. Na karanta wa Dakta Martins wasiƙarki, shi yana da irin tankin a gidansa shekara da shekaru, da na zo wurin omo sai ya dafe kai.

Ga abin da ya ce. Kowace safiya ki zuƙe bokiti ɗaya da tiyon da na bari, ki mayar da bokiti ɗaya na ruwan rijiya wanda ya kwana a ɗaki, ki riƙa zubawa da kofi a hankali. Bokiti ɗaya kawai. Ko ruwan ya yi fari ki ƙyale shi. Abinci kuma ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, sau ɗaya a kwana biyu. Ki ɓoye gwangwanin, ki ce wa Mama Edna na gode amma ta bar ƙuli-ƙulinta.

Dalilin yana da tsawo, zan rubuto in na sami sarari. Ƙaramar takardar da ke ciki ta Baba ce, ki miƙa masa.

Ƙanwarki,
Irene

Kafanchan,
17 ga Mayu, 1976

Irene,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Baba ya yi tari kwana biyu ya warke. Ina fata murarki ta tafi.

Wasiƙarki ta zo ran Juma'a, na karanta ta a tsaye kamar yadda kika rubuta ta. "Tsabtarki ce za ta kashe su." Na gode. Shekara bakwai ina wanke gidan nan, na wanke Mama a kan gado shekara biyu har ranar da aka rufe ta, ban taɓa jin tsabtata ta kashe kowa ba sai yanzu. Kuma ashe wasiƙata abin karanta wa likitocin Legas ce, su dafe kai su yi wa ticar ƙauye dariya.

Tunda maganar kisa kike yi, bari ki ji. Gudi ya mutu ran uku ga wata, bayan wanki na biyu. Bukuru ya bi shi ran goma, bayan na uku. Kafin su mutu suna ta hawa saman ruwa suna buɗe baki, gefen wuyansu inda suke numfashi ya yi ja wur. Ni kuwa in na ga haka sai in ce dauɗa ce, in ƙara dirzawa. Wa ya gaya mini? Ke da kika zuba ruwa ran Litinin, kika zuba kifi ran Litinin, kika hau jirgi ran Talata ana ta sa miki albarka?

Baba bai sani ba. A gindin gwaiba na binne su. Da safe in ya kira Gudi sai in ce yana bayan dutse, ya ce to. Haka Bukuru. Ni da nake koya wa yara a Makarantar Lahadi kada su yi ƙarya, ga ni ina yin biyu kafin in karya kumallo. Kin san abin da nake tsoro? Ranar da zai gane, ba zai ce ruwa ne ba. Zai yi shiru irin shirun nan nasa, mutanen gari kuma su ce Afiniki ta kashe kifin ƙanwarta don baƙin ciki. Mama Edna ta riga ta fara yi mini wani irin kallo tun da na kulle gwangwanin a kabad.

Takardarsa na miƙa masa. Ya kai ta bakin taga, ya kafa mata hanci ya karanta, ya ninke ya sa a aljihu. Na ce me ta ce? Ya ce, "Maganan kifi ne." Kowace Lahadi da yamma sai ya zauna da biro yana zana miki manyan baƙaƙe, ya liƙe ambulan da kansa, Litinin in kai gidan waya. Shekara bakwai ke nan ina ɗaukar wasiƙunki. Ni rabon da in ga rubutun Baba da sunana a kai, tun bangon littafin da ya saya mini ina aji ɗaya.

Shekarar da Mama ta kwanta, mu biyu aka aiko wa takarda, ke ta koyon aikin nas, ni ta ƙarin karatun malanta a Zariya. Dole ɗaya ta zauna. Ba a yi taro ba, ba a tambaye ni ba, kowa dai ya san wadda za ta zauna. Ban yi nadama ba, uwata ce. Amma ke kin zo kwana tara da gilashi kin tafi da albarka, ni kin bar ni da bokiti.

To, kin ce in cire hannu, na cire. Bokiti ɗayan nan ina yi, don Baba ba ya bari in fita sai na yi, kuma gautata tana son ruwan. Rabin awa yake ci mini, da zuƙar tiyo, da ruwan kifi a bakina, da zubawa kofi-kofi. Ina yi ina masifa, shi kuma yana zaune yana ba ni labarin direbobin jirgin da suka mutu tun ban yi wayo ba. Bayan wannan ko kallon tankin ba na yi. Jiya bayan sujadar Lahadi na je ƙauyen Madakiya gaisuwar rasuwa, na tsinto duwatsu uku a rafi don matattun 'ya'yanki su sami ƙarin wurin ɓuya. Da gansakukarsu da santsinsu na jefa su ciki, ko ɗauraya ban yi ba. In dauɗa suke so, ga ta nan.

Afiniki

Kafanchan,
14 ga Yuni, 1976

Ƙanwata Irene,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Damina ta kankama, rufin kicin yana yoyo a wurin da ya saba. Kawu Simon ya zo daga Fadan Kagoma, ya ce cittarsu ta fito da kyau, yana gaishe ki. Yau wata guda ke nan da na rubuta miki, shiru. In rashin lafiya ne ki sa wani ya sanar da mu. In fushi ne, to, na ji.

Ni kina iya yi mini shiru, amma Baba me ya yi miki? Ina shigowa daga makaranta, kafin in ajiye jaka, "Wasiƙa ya zo daga Legas?" Ya sa na cire kalanda daga bango na ajiye masa a kan tebur, yana bin makonni da yatsa yana ƙirgawa. Ban tambaye shi ba. Na san dai ba ranar haihuwata yake lissafi ba.

Jagindi ya mutu ran ashirin ga Mayu, ya tafi bayan dutse wurin 'yan'uwansa. Na ce shi ke nan, sauran ukun ma kwana kaɗan ya rage musu. Sai ga abin mamaki. Farin nan ya fara sakin ruwan da kaɗan-kaɗan. Mako biyu ke nan ruwan garau, har ya fi ranar da na kashe awa uku ina dirza. Ƙarnin ya tafi. Zonkwa da Kagoro da Manchok sun daina hawa sama suna haki, sai guje-guje, Kagoro har ya ajiye tumbi. Dattawa sun zo jiya, Baba ya ce musu, "Kun gani? Daga Legas ya warkar da su, da wasiƙa kawai." Ina tsaye da tiren shayi a hannuna.

Yanzu ga dalilin wannan wasiƙa, ki karanta ke kaɗai, ban da likitanki. Da na kulle gwangwani na jefa duwatsun nan, ba don maganarki na yi ba. So nake su mutu. Na ce yunwa da dauɗa su gama da su, a fitar da gilashin nan daga falo, in huta da jin sunanki. Kishinki nake yi, Irene. Na rubuta, ga shi ina kallonsa a takarda, kuma ba shi da kyan gani. Mace mai shekara talatin da huɗu tana kishin ƙanwarta, tana huce haushi a kan kifin da bai fi tsawon yatsa ba.

Lahadin farkon wata aka yi Jibin Ubangiji. Da tiren gurasa mai tsarki ya zo layinmu a coci na sunkuyar da kai na bar shi ya wuce. Ban taɓa yin haka ba tun da aka yi mini baftisma. Matar Fasto ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malama, lafiya?" Na ce ciki ne ke damuna. Da ukun da na yi wa Baba da safe, ƙarya ta huɗu ke nan a rana ɗaya.

Ina neman gafararki, don ba na so tiren nan ya sake wuce ni. Amma kada ki ɗauka na huce. Da na bauta musu da ƙarfina sun mutu, da na tsane su sun rayu, yabon kuma ya hau jirgi ya tafi Legas. Ki tambayi Dakta Martins ko wannan ma yana da dalili mai tsawo.

Yayarki,
Afiniki

Legas,
23 ga Yuni, 1976

Yayata Afiniki,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Wasiƙunki biyu suna gabana. In Kawu Simon ya sake zuwa ki ce ina amsawa.

Bari in fara da kifi, shi ya fi sauƙi. Laifin nawa ne. Dakta Martins ya ce ba a zuba kifi shida a sabon tanki rana ɗaya. Kashinsu da fitsarinsu da ragowar abinci suna zama guba a ruwa. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna zama a jikin tsakuwa da auduga, su ne ke cinye gubar. Sabon tanki ba shi da su, sai sun taru a hankali, mako shida ko kusa da haka. Duk Asabar da kika tafasa audugar sai aikin ya koma farko. Bokiti ɗayan kuwa rage gubar yake yi kafin su taru. Duwatsunki na Madakiya, santsin nan da kika ƙi wankewa cike yake da su. Ban karanta masa wasiƙarki ba, duwatsun kawai na faɗa, ya ce da ya san akwai rafi kusa da shawarar da zai fara bayarwa ke nan. Yanzu ruwan ya zauna, bokiti ɗaya a mako ya isa. Da na yi miki wannan bayani tun farko da maganata ba ta yi miki zafi haka ba. Ki gafarta mini. Naki na yafe, ki ci jibi.

To, Yaya, kin ce kishina kike yi. Na karanta wurin nan sau uku, na yi dariya, sannan na shiga ɗakin ajiye barguna na yi kuka. Kin san abin da ke cikin wasiƙun da kike kaiwa gidan waya? Ke ce. "Afiniki ya yi miyan karkashi." "Afiniki ya yi faɗa da mai gyaran rufi, ya ci nasara." "Hedimasta ya yaba wa Afiniki." Shafi biyu, sannan can ƙasa, inda takarda ta kusa ƙarewa, "Ina fata kina lafiya." Shekara bakwai. Da na ci babbar jarrabawata na rubuta masa, amsar ta zo da labarin kazarki da ta ƙyanƙyashe goma sha ɗaya. Kwana biyu na yi a jirgi ina rungume da tankin nan kamar jariri, don a sami abu ɗaya nawa a falon gidanmu. Ko wata biyu bai yi ba shi ma ya koma naki.

A 'yar takardar nan da kika miƙa masa, cewa na yi kada ya damu, aikin bokitin na mako shida ne kawai, daga nan Yaya ta huta. Ga amsar da ya aiko. Ya ce kada in nuna miki. Tun farkon wata take cikin jakata. Na kasa yin abin da ya roƙa, na kuma ƙi aiko miki, don ban so ki samu ba. Shi ne shirun da kika ji. Ga ta nan, ki san yadda za ki yi da ita.

Ƙanwarki,
Irene

Kafanchan,
23 ga Mayu, 1976

Yarinyana Irene,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ƙafa da sauƙi. Ido yana nan.

Takardan ki ya zo. Kin ce sati shida. Ina roƙon ki abu ɗaya. Ki rubuta wa Afiniki ki ce likita ya sake duba littafi, ya ga sati shida bai isa ba. Ki ce wata shida, ko shekara.

Kifin nan ba na ganin su sosai, sai ja-ja yana wucewa. Na san Gudi da Bukuru da Jagindi sun mutu. Na ji ƙaran fartanya a gindin gwaiba sau uku. Yana ce mini suna bayan dutse, ni ma ina ce to, don kada ya ji kunya.

Tun da maman ku ya tafi, Afiniki yana kawo abinci ya ajiye ya fita. Yana share ɗaki ya fita. Ba laifin shi ba ne, aiki ya yi masa yawa, kuma ni na tsare shi a gida, da yanzu yana da babban satifiket. Ban san ta inda zan fara masa magana ba. Amma yanzu kowane safe yana yin rabin awa kusa da kujera na. Yana zuba ruwa yana masifa, murya irin na maman ku sak. Ni kuma ina ba shi labarin jirgi don kada ya yi sauri. In ruwan nan ya gyaru, zai koma ajiye abinci ya fita.

Na san ƙarya zunubi ne. Ki rubuta, alhakin a kaina.

Kada ki nuna masa wannan. Ina fata kina lafiya.

Baban ki,
Andrawus

Kafanchan,
5 ga Yuli, 1976

Ƙanwata Irene,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. An gyara rufin kicin. Jiya na ci jibi.

Wasiƙarki ta zo ran Alhamis. Ta Baba a cikin shukar gauta na karanta ta, a tsugune kamar mai cire ciyawa, na daɗe ban tashi ba. Ki aiko mini da sauran wasiƙunsa in karanta, zan mayar miki, naki ne. Kuma ki san wannan. 'Yan takardun da kike aiko masa a aljihun rigarsa suke zama, ni ke cire su ranar wanki in mayar. Ta jarrabawarki har ta rabu huɗu don yawan ninkewa, shi ya sa na liƙa ta da gam. Na sani tun tuni, ni ma ban so ki sani ba ne.

Da na wanke fuska na shiga falo, ya ce, "Wasiƙa ya zo daga Legas?"

Na ce, "Ta zo."

"Ya ce me?"

"Ta ce ruwa ya zauna. Sau ɗaya a mako ya isa."

Ya laluba kalandar nan ya kife ta a kan tebur, ya ce, "To. Kin huta."

Washegari bayan addu'a na shigo da bokiti da tiyo a hannu ɗaya, kujera 'yar tsugunno a ɗaya hannun. Ya ji ƙarar bokitin ya ɗago kai.

"Ba jiya kika yi ba? Ai ya ce sati-sati."

Na ce, "Gautata ce ke son ruwan."

Ya ce, "Gauta kam yana son ruwa."

Ya kira Zonkwa, na ce yana nan. Ya kira Kagoro, ya kira Manchok. Na jira na huɗu, bai kira ba. Sai ya gyara zama ya ce ko ya taɓa ba ni labarin ranar da saniya ta tsayar da jirgin kaya a Jagindi? Ya ba ni ya kai sau biyar. Na ce ya dai sake, akwai wuraren da ban ji da kyau ba.

Na yi lattin minti ashirin a makaranta, hedimasta ya ja mini jan layi a rajista, na farko a shekara bakwai. Yau ma ya ja wani.

Yayarki,
Afiniki